Fiyus ɗinmu ya daina ƙonewa, amma bango ya ɗau zafi

Telan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar wuta ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni barci jiya. Shagona na ɗinki yana jikin wani gidan haya ne a nan Tudun Wada, mita ɗaya muke sha da ɗakuna huɗu na cikin gida. Tun da sanyin nan ya kankama fiyus ɗin layin soket ya ƙone sau uku a mako guda, kuma kullum da sassafe, tsakanin shida da rabi zuwa bakwai. Irin na da ne, farin tangaran ɗin nan da ake zarowa a ɗaura masa siririyar waya. A karo na uku sai wani yaro a gidan ya ce shi zai raba mu da wannan wahala. Ya yanko guntuwar wayar wayarin, ya feɗe robar, ya murɗa jan ƙarfen riɓi biyu ya ɗaura. Gaskiya tun ranar wuta ba ta sake yankewa ba, yau kwana tara, har albarka muke sa masa. To jiya da safe ina cikin guga sai na ji wari kamar an jefa silifa a murhu. Na dafa bangon da ke ƙarƙashin allon wutar, na ji shi da ɗumi, alhali ana wannan hunturu. Murfin soket ɗin da nake sa dutsen guga ma ya yi baƙi ta gefe guda. Shagon cike yake da ɗinkin bikin mutane, shadda da leshi waɗanda ko na sayar da kekunana duka ba zan iya biya ba. Yaya zan yi?

Mai Wayarin Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Malam tela, ajiye wayar hannunka ka je ka kashe babban makunnin gidan yanzu, in ka dawo ma yi magana. Ka fara kashe makunnin kafin ka zare tangaran ɗin, hannunka a bushe, ƙafarka da takalmi. Warin da ka ji robar waya ce take narkewa a inda ido ba ya kaiwa, ko cikin bango ko saman silin. Shekara ashirin da ɗoriya ina wannan sana'a, kuma sau da yawa in aka kira ni gidan da aka yi gobara, da haka labarin ke farawa: fiyus ya dame mu da ƙonewa, sai muka sa masa waya mai kauri. Kada a sake kunna layin nan sai mai gyara ya hau silin ya gani da idonsa.

Telan Tudun Wada:
Na kashe, Oga. Matan gidan suna ta faɗa wai na hana su dafa ruwan wankan 'yan makaranta, na ba su haƙuri.

Ɗan Kwangila:
Haba jama'a, kada ku ɗaga wa bawan Allah hankali. Gidanmu tun ina yaro waya ce a ɗaure a katawut, har yau ko kyankyaso bai ƙone ba. Ku zaga Zariya kaf, daga Dan Magaji har Samaru, gida nawa ne za ku samu da fiyus na ainihi? Wutar ma awa nawa ake barin ta? Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ya canza soket ɗin da ya yi baƙi kawai ya ci gaba da neman abincinsa.

Injiniyan Samaru:
Ɗan Kwangila, bari mu yi lissafi tukuna kafin mu yi gardama. Malam tela, faɗa min abin da ke kan layin nan da safe, naka da na cikin gida. Kowane kaya akwai lamba a jikinsa da harafin W a gaba, wat ke nan. Ka kuma duba kaurin wayar da ta fito daga allon, da lambar fiyus ɗin da yake ƙonewa a da.

Telan Tudun Wada:
Ni ina da dutsen guga biyu, kowanne 1200, sai keke mai mota guda biyu da fanka wadda ba ma kunnawa yanzu. Cikin gida na tambaya, kowane ɗaki akwai hitar dafa ruwa ta sakawa a bokiti, uku 1500 ne, ɗaya 1000. Ɗaya daga cikinsu tana da rishon lantarki ma. Wayar fiyus ɗin da muke saye mai 15 ce. Wayar bangon kuma yaron ya ce mai kaurin 2.5 ce.

Injiniyan Samaru:
Madalla, ga amsar nan a fili. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. In kana son sanin yawan wutar da kaya ke ja, wato amfiya, sai ka raba wat ɗinsa da 230. Hitoci huɗun nan sun haɗa wat 5500, kusan amfiya 24 ke nan. Duwatsun gugarka biyu 2400, amfiya 10 da ɗan wani abu. Tun ba a sa risho da kekuna ba an haura 34. Ita kuwa waya mai 2.5 abin da take ɗauka lafiya bai wuce amfiya ashirin da 'yan kai ba, in ma a cikin bututu take ko a saman sili mai zafi ya yi ƙasa da haka.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Fiyus ba ya ƙonewa da zarar an kai lambarsa. Irin na ɗaurawar nan sai wutar ta kusa ninka lambar kafin ya narke. Wato da mai 15 ya riƙa tsinkewa kowace safiya, yana gaya muku ne cewa kun kai wajen 30. Bai lalace ba, aikinsa yake yi. Siririyar wayar nan da gangan aka yi ta mafi rauni a duk gidan, don in zafi ya zo ita ta mutu a cikin tangaran inda ba abin da zai kama, ta zama fansar wayar da ke kwance kusa da katako. Da yaron ya ɗaura 2.5 riɓi biyu, sai fiyus ya fi wayar gidan ƙarfi. Yanzu wuri mafi rauni ya koma cikin silin.

Kuma zafin waya ba ya hawa daidai da wutar da ke bi ta cikinta. In wutar ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. In ta ninka uku, sau tara. Shi ya sa bango ya yi ɗumi cikin hunturu.

Dattijon Ƙofar Doka:
Allah ya yi maka albarka, Injiniya. Mu a zamaninmu fis muke ce masa. Wayarsa a naɗe take zuwa jikin ɗan kwali, kashi uku: mai 5 ta fitilu, mai 15 ta soket, mai 30 ta manyan kaya. Kowane magidanci mai lantarki yana ajiye kwalin nan a saman allon, kuma ba wanda zai ɗaura mai 30 a gurbin mai 5, kunya ma ba za ta bar shi ba. Amma a tuna, gidajen da aka yi wa wayarin a lokacin, abin da ke cikinsu ƙwan fitila ne da rediyo, sai fanka in mutum ya ji daɗi. Yau ga firiza, ga hita, ga injin jan ruwa, duk a kan wayar da aka ja tun ana kashe sule da sisi.

Kai kuma ɗana na Kwangila, gaskiya ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma an ce mana mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Gidanku bai ƙone ba don lodinku bai kai ba ne, da kuma kiyayewar Allah. Kada ka mai da shi hujja ga gidan wani.

Ɗan Kwangila:
Allah ya ƙara girma, Baba, na ji. Amma ku duba halin da ake ciki. Mutum ya tashi da asuba an kawo wuta, bai san ko za ta kai ƙarfe takwas ba. Dole kowa ya kunna komai lokaci guda. Ba ganganci ba ne, rububi ne. In fiyus ya ƙone a daidai lokacin, kafin ka nemo waya ka ɗaura an ɗauke. Wanda ya sa waya mai kauri ba mahaukaci ba ne, gajiya ya yi.

Mai Wayarin Sabon Gari:
Wannan magana taka gaskiya ce, rububin nan shi ne rabin matsalar. Amma in tambaye ka, ba kai ne ka taɓa cewa a nan wayarin mota kake yi ba? In direba ya kawo maka mota jan fiyus mai 10 yana ta ƙonewa, kana cusa masa kore mai 30, ko ka naɗe shi da takardar kwalin sigari ka ce ya tafi?

Ɗan Kwangila:
A'a, wannan kam ba na yi. Sai na bi layin na gano inda waya ta goge take taɓa bodi. Na taɓa ganin bas ta kama da wuta daga ƙarƙashin sitiyari saboda irin wannan naɗin, a gabana aka yi ta watsa mata ƙasa. To shi ke nan, Oga, ka kama ni. Sai dai har yanzu ina nan kan bakana cewa talaka ba shi da kuɗin sake wayarin gida.

Injiniyan Samaru:
Misalin da ka kawo na waya mai taɓa bodi ya kai mu ga abu na biyu, don cuta biyu fiyus yake tsarewa kuma ba iri ɗaya ba ne. Ta gidan malam tela obalodi ce, kamar a-kori-kura da aka yi wa lodin tirela: tana tafiya, amma a hankali komai na cinyewa. Ɗaya cutar kuwa haɗuwar waya ce, mai wuta ta taɓa nutiral, wato wayar da wuta ke komawa ta ita, ko ta taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa, babu wani kaya a tsakani da zai rage mata gudu. Ɓera ya ci roba, ko ƙusa ta huda waya, ko ruwan sama ya shiga soket. A nan wutar takan haura amfiya ɗaruruwa, wani lokaci dubbai in gidan na kusa da taransifoma, kuma kafin ƙiftawar ido. Fiyus mai kyau yana katse ta tun ba ta kai ƙarshen ƙarfinta ba. Wanda aka ɗaura wa ƙusa kuwa sai dai waya ta yi ja kamar garwashi tun daga soket har mita.

Su biyun kuma suna jawo juna. Obalodi na kwana da kwanaki yana gasa robar waya har ta bushe ta farfashe, ranar da wayoyin suka haɗu sai tartsatsi.

Shi ya sa nake son fiyus irin na ɗan ƙaramin bututu, wanda ke cikin fulogi mai ƙafa uku. In ka fasa na ainihi za ka ga farin yashi a ciki. Ba cikon banza ba ne, shi ke shanye tartsatsin in wayar ta narke. Fulogin nan daga Ingila muka gaje shi, a 1947 suka fito da shi bayan yaƙin duniya na biyu, kuma dalilin sa masa fiyus a ciki shi ne ya tsare igiyar kayan ita kanta. Mai ruwan ƙasa 13 ne, na hita da dutsen guga. Ja 3 ne, na ƙananan kaya irin fitila da rediyo.

Maman Biyu (Gyallesu):
Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata daban ce, kuma har yanzu abin na ci min rai. Ƙanƙara da zoɓo nake sayarwa. Bara da azumi saura kwana kaɗan aka kawo wata irin wuta da dare, ƙwayayen fitila suka yi haske kamar rana suka fashe, firizata babba ta yi ƙara ta mutu, har da talabijin da cajar waya uku. Gidanmu sabon wayarin ne, bireka ce a jere a akwati maimakon fiyus, amma ko ɗaya ba ta faɗi ba. To ina amfaninsu? Da adashi na sayi firizar nan.

Mai Wayarin Sabon Gari:
Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. Abin da ya same ki ba laifin bireka ba ne, ba aikinta ba ne tun asali. Daga taransifoma waya huɗu ke fitowa, uku masu wuta da nutiral ɗaya. Tsakanin mai wuta da nutiral 230 ne, amma tsakanin masu wuta biyu wajen 400 ne. In nutiral ta tsinke a kan turke ko ta saki a wani mahaɗi, sai wutar ta rabu ba daidai ba: wasu gidajen fitila ta koma ja kamar aci-bal-bal, wasu kuma wutar ta haura ta doshi 400. Gidanku ya faɗa kashi na biyu. Fiyus da bireka amfiya suke ƙirgawa, ba su san bolt ba. Kafin wutar da firizar ke ja ta kai ta kayar da bireka mai 20, cikinta ya riga ya soye.

Maganinsa wata 'yar na'ura ce da ake sawa a akwatin, mai nuna lamba a fuskarta. In wuta ta haura iyakar da aka sa mata ko ta yi ƙasa sosai sai ta yanke gidan, in ta daidaita ta jira ɗan lokaci ta mayar. Akwai kuma ƙaramar da ake maƙala wa firji shi kaɗai a soket. Jinkirin nan ma alheri ne ga kwamfuresar firji, ba ta son a ɗauke a dawo nan take.

Maman Biyu (Gyallesu):
Wallahi da na san da wannan da ban yi asara ba. Wanda ya yi mana wayarin bai taɓa ambata ta ba. To sitabilaiza fa, ba ta isa?

Injiniyan Samaru:
Tana taimakawa, Hajiya, amma kowace akwai iyakar da aka rubuta mata, in wuta ta wuce nan ita ma tana iya ƙonewa. Kuma a kula da ita lokacin lo-karan. Tana ɗaga wutar ne ta hanyar jan amfiya mai yawa daga bango. Kayan wat 2000 a kan 230 bai kai amfiya 9 ba, amma in wuta ta faɗo 140 sitabilaiza za ta ja sama da 14 don ta ciyar da shi. Soket ɗin da aka yi don 13 sai ya fara zafi. Da yawan baƙaƙen soket da ake gani a bayan firji daga nan ne.

Ɗalibar Kongo:
Don Allah ni ma a ba ni dama. A gidan da muke haya wata ƙawata ta tsoma yatsa a bokiti don ta ji ko ruwan ya yi zafi, hita na ciki. Wuta ta ja ta ta yar, hannunta ya kwana biyu yana rawa. Bireka ba ta faɗi ba, fiyus ɗin fulogin ma lafiyarsa lau. Shi ma ba aikinsu ba ne?

Injiniyan Samaru:
Ba aikinsu ba ne, ƙanwata, kuma ƙawarki ta auna arziki. Wutar da ke iya tsayar da zuciyar mutum ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba. Fiyus mai 13 ko a jikinsa. Abin da ke tsare mutum wata bireka ce daban mai ɗan maɓallin gwaji a fuskarta, an rubuta mata 30mA. Ita tana auna wutar da ta fita ta waya mai wuta da wadda ta dawo ta nutiral. In ta ga ta dawo da giɓi, ta san wani abu ya zurare ta jikin mutum ko ta ƙasa, sai ta yanke nan take. A riƙa danna maɓallin nan lokaci-lokaci, in ba ta faɗi ba ta mutu. Amma ko da ita, ki gaya wa 'yan ɗakinku: a zare hita daga soket kafin hannu ya shiga ruwa. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, don akwai gidajen da aka juya wayoyin, makunnin nutiral yake yankewa.

Mai Gidan Haya a Muciya:
Ina ta karatu ina jin yadda za a ƙare a kan masu gida, to bari in faɗi tawa. Na gina ɗakuna na ja wa kowanne wayar fitila da fanka da talabijin. A takardar haya na rubuta ban da hita ban da risho. Ba a yi wata biyu ba kowa ya shigo da nasa yana ɓoyewa a ƙarƙashin gado. In gida ya ƙone nawa ne ya ƙone, in an ce a sake wayarin ni za a kalla. Wannan adalci ne?

Telan Tudun Wada:
Alhaji, ina ganin girmanka, amma da gas da gawayi duk sun yi tsada, ga yara za su tafi makaranta cikin wannan sanyi. Uwa ba za ta yi wa ɗanta wanka da ruwan randa a watan Janairu ba alhali ga wuta. Ni kuma da aka ba ni hayar shagon an san tela ne ni, an san sai da guga.

Mai Wayarin Sabon Gari:
Ku duka kuna da gaskiya, kuma ba sai an fasa gida ba. Alhaji, dokar takarda ba ta hana hita, amma bireka tana hanawa. Ka ba kowane ɗaki layinsa da birekarsa. In kana son fitila da fanka da talabijin kawai, sa masa mai 6, duk wanda ya saka hita da risho ɗakinsa kaɗai zai yi duhu, ba ruwan maƙwabci. In kuma ka yarda su dafa ruwa, ja musu 2.5 mai kyau ka sa mai 16, sannan babbar wayar da ta shigo daga mita ta zama mai ɗaukar jimlar. Ni shi ya sa na fi son bireka a kan fiyus ɗin tangaran. In ta faɗi ɗagawa za a yi, ba mai neman guntuwar waya cikin duhu, kuma yaro ba zai iya yi mata ɗaurin riɓi biyu ba.

Injiniyan Samaru:
A nan zan ɗan saɓa maka, Oga. Yaro ba zai ɗaura mata waya ba, amma babba zai je kasuwa ya ce a ba shi wadda ba ta faɗuwa, a miƙo masa mai 63 ya ɗora a kan waya mai 2.5. Na sha gani. Wannan da ƙusa a fiyus duk ɗaya ne, sai ma ya fi muni don ido zai ga akwati tsaf ya ɗauka lafiya. Ga kuma jabu. Bireka ta ainihi abu biyu ne a cikinta: wani ɗan ƙarfe da ke lanƙwashewa a hankali in ya ji zafin obalodi, da kuma naɗin waya mai maganaɗisu da ke fizge ta nan take in waya ta haɗu. Akwai waɗanda in ka fasa ba ka samun ko ɗaya, makunni ne kawai aka yi wa riga. Fiyus na kirki ya fi irin wannan sau dubu, don shi ba shi da abin da zai maƙale.

Mai Wayarin Sabon Gari:
Ban musa ba. Amma jabun fiyus ma yana nan, wanda ba yashi a cikinsa. Ni abin da nake gaya wa masu aiki: ku bi ni kasuwa mu saya tare a shagon da in kaya ya ba da matsala za mu iya komawa. Waya kuma a kankare bakinta da wuƙa. In jan ya tafi fari ya bayyana, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, ba za ta ɗauki abin da aka rubuta mata ba. A nemi mai tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, a kuma ɗaga naɗin a ji nauyinsa. Araha ba ta ado. Sannan lambar bireka daga kaurin waya ake ɗaukarta, ba daga yawan kayan da mutum ke son kunnawa ba. In kaya sun fi ƙarfin waya, waya ake ƙarawa.

Mai Sola na Hanwa:
Tunda an zo nan, masu sola da inbata ku matso. Mutane na ganin batir bolt 12 ne ko 24, ba ya jan mutum, sai su raina shi. Inbata mai wat 1000 a kan batir mai 12 tana jan sama da amfiya 80. In kuwa sifana ta faɗa kan kawunan batir biyu, ko waya ta goge, abin da zai fito ya isa ya narka ƙarfe. Dole a sa fiyus dab da kan batir, ba can kusa da inbata ba. Kuma a sa na wutar batir. Wutar gida tana kai da komo, tana ratsa sifiri sau 100 a daƙiƙa, wannan ke taimaka wa tartsatsi ya mutu. Ta batir da ta farantin sola a miƙe take, in tartsatsi ya kama sai ya riƙe. Bireka ta gida in aka sa ta a layin faranti tana iya ci da wuta a ranar da aka fi bukatarta.

Dattijon Ƙofar Doka:
Wani abu da nake gani a unguwa yana tayar min da hankali: aiken yara su canza layi. Katawut uku a jere a bango, in wannan ba wuta sai a ce wa yaro ɗan shekara goma sha biyu ya hau kujera ya zare ya mayar a wancan, wani lokaci da jiƙaƙƙen hannu daga alwala. Wurin nan ba wani fiyus na gida a gabansa da zai cece shi. Akwai makunnin canza layi da ake sayarwa mai hannu a rufe, a sa shi. In kuma wuta ta tashi, Allah ya kiyaye, kada a watsa ruwa sai an yanke lantarkin. Yashi ko tukunyar kashe gobara ta hoda, sannan a kira 'yan kwana-kwana tun abin yana ƙarami.

Telan Tudun Wada:
Jama'a na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na samo mai gyara da azahar, na riƙe masa tsani ya hau silin, sai ya ce in hau in gani da kaina. Wallahi jikina ya yi sanyi. Wayar ta bi ta kan wani katako, robarta ta narke ta manne da shi wajen tsawon kamu biyu, jan ƙarfen a waje tsirara, katakon ya yi baƙi har ya fara zama gawayi. Tsakanin mai wuta da nutiral bai fi kaurin tsinken ashana ba. Dab da wurin kuma ga sheƙar ɓera da tsummoki da ledoji. A ƙasan wurin daidai nake rataye ɗinkin da na gama. Akwai kuma wani mahaɗi da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda baƙa maimakon salatif, shi ma ya soye.

Ya yanke duk inda ya ƙone. Shagona ya ja masa layinsa daban da sabuwar 2.5 da bireka mai 16, mun kankare bakin wayar a shagon kafin in biya, ja ce har ciki. Mai 30mA ɗin ya ce in ƙara a kai, na ce sai na karɓi kuɗin ɗinkin nan ranar Asabar. Na cikin gida ya mayar musu da wayar fiyus mai 15 yadda take, ya ce hita ɗaya a lokaci guda har sai an raba musu layi. Matan sun zauna sun tsara, mai 'yan firamare ita ce farko. Mai gidan na kira shi, ya ce zai zo gobe bayan la'asar ya gani, na ajiye masa guntun katakon da wayar a manne.

Ɗan Kwangila:
Malam tela, in ka samu dama ɗauki hoton katakon nan ka sa mana a nan, ina so in nuna wa babanmu. Oga na Sabon Gari, katawut ɗin gidanmu ni ba zan taɓa shi da kaina ba. Wace rana kake da sarari ka leƙo Kwangila?